Ba Ta Amsawa da Wuri

"Matsalarta ɗaya ce, Baba. Ba ta amsawa da wuri."

Ina bayan ƙofar gareji riƙe da filas ɗin shayi na ji wannan maganar, ranar Talata da hantsi, kuma har yanzu da nake rubuta muku ba ta fita daga kunnena ba. Mai Rijiya ne ya faɗe ta. Ya ƙara da cewa sai ka juya ta, ka tsaya kana jira, sannan ta motsa, shi kuwa irin hanyar da yake bi ba ta son jira. Baba ya yi dariyar nan tasa ta hanci ya ce, "Ba lalacewa ba ce, wasa ne. Ka bar min ita kwana uku."

To ku gaya min, 'yan uwa, mene ne abin dariya a maganar mota?

Na tsaya a wurin har murfin filas ya fara ƙona min yatsa. Da na shiga, duk suka yi shiru. Na ajiye shayin a kan benci, na gaishe su ciki-ciki, na fita ina tuntuɓe da sifana.

Ga waɗanda ba su san ni ba, bari in taƙaita. Babana bakanike ne, garejinsa manne yake da gidanmu, ƙofa ɗaya ce ta ƙarfe tsakanin tsakar gida da ramin duba mota. Ni ce auta. Na gama sakandare bara, ina gida ina jiran sakamakon jarrabawar shiga makarantar gaba. Baba yana kirana Uwata. Kowa kuma Shiru yake ce min, har malamanmu na makaranta, don in dai ba dole ba ba na buɗe baki.

Shi kuma Mai Rijiya direba ne a wani kamfanin masu haƙa rijiyar burtsatse. Motarsa a-kori-kura ce babba, mai jan ƙafa huɗu, tayoyinta masu haƙora kamar za su ciji mutum. Da ita suke shiga dazuka da kan duwatsu inda babu kwalta, su yi wata uku ko huɗu ba a gan su ba. Mutum ne mai surutu. Mai sayar da ruwa ya tsokana, mai gadin layi ya tsokana, Umma ma sai da ya sa ta dariya har ta zubar da garin omo. Wata biyu da suka wuce ya nemi izinin Baba ya riƙa magana da ni. Baba ya ce shi ba ruwansa, sai abin da Uwata ta ce.

Uwata kuwa ba ta ce komai ba.

Ba wai ba na so ba ne, ku fahimce ni. Saƙonsa na shigowa nake ajiye duk abin da nake yi. "Barka da asuba, 'yar Baba. An tashi lafiya?" Sai in rubuta layi biyar, in karanta, in ga kamar na zuba, in goge. Bayan azahar in tura masa, "Lafiya lau." A ranar Talatar nan, kwana goma sha uku ke nan da ya turo wanda ya fi ƙarfina: "Ina son in san matsayina kafin mu koma daji. Ba takura ba ce, amma ina jira." Na rubuta amsa ta fi sau ashirin. Akwai ranar da na rubuta "Na amince" na zauna ina kallon kalmomin biyu har wayar ta mutu da kanta. Abin da ke riƙe ni shi ne, mutumin da yake wasa da kowa, ta yaya zan gane ranar da ba wasa yake ba?

Umma ta gaji da ni. Ranar Talatar nan ina wanke-wanke ta tsaya a kaina da hannu a ƙugu, ta ce ko eh ko a'a ne, baki ai ba boljoyin ƙafar mota ba ne da sai an ɗura masa giris. Ta ce yaron nan kullum yana zaune a benci kamar mai jiran allura, ni kuma ina laɓe-laɓe a bayan labule ina ƙirga masa maɓallan riga. Yayata da ke aure ita ma ta turo min saƙon murya na minti huɗu, rabi faɗa rabi kukan jaririnta. Ƙarshensa dai, "Shiru, wallahi in kika bari ya tafi, wata mai baki za ta tsince shi a ƙauyen da suke haƙa."

Na saurara sau uku. Ban amsa mata ba ita ma.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, kuma ku ne na farko.

Idan sitiyari ya yi wasa, wato kana murɗa shi amma taya ba ta bi nan take, mutum ɗaya ba ya iya gano daga ina ne. Sai biyu. Ɗaya ya zauna a kujerar direba yana kaɗa sitiyarin a hankali, dama, hagu, dama, hagu, ɗaya kuma yana cikin rami da tocila yana bin ƙarafan yana duba wanne ne yake motsi shi kaɗai bai ja ɗan uwansa ba. Tun ina 'yar shekara tara ni nake kaɗa wa Baba. Ya ce maza hannunsu nauyi gare shi, fizga suke yi. Wannan shi ne abin da yake faɗa wa mutane. Gaskiyar da muka sani ni da shi da Umma ita ce, shekara talatin na dukan ƙarfe sun cinye masa kunne. Ƙaramar ƙara ba ya ji. Ba a maganar a gidanmu. Sai dai in ya gama dubawa ya ɗago daga rami ya ce, "Uwata, kin ji wani abu daga sama?" Abin da na ce, shi yake bi.

Da yammacin Talatar na hau motar Mai Rijiya. Sai da na tattare doguwar rigata na kama ƙofa kafin na iya hawa, tsayinta kamar katanga. Ciki ƙamshin turarensa da ƙura da ɓawon lemo. Carbi rataye a madubi, hularsa a kan kujerar gefe. Na cire takalmi kamar yadda na saba, na kama sitiyari da yatsu.

Dama. Hagu.

Ƙas.

Wata 'yar ƙara, daidai idon sawuna, ƙarƙashin robar da ta rufe sandar sitiyari inda take huda ƙasan mota. Ba a ƙasa take ba inda Baba ke haskawa. Na ji ta a kunne, na ji ta a tafin hannu. Akwai ƙaramin kuros a wurin, ɗan gwiwar ƙarfe da ke haɗa sanda da sanda. Na san shi. Na taɓa riƙe wa Baba tocila ya canza irinsa.

Baba ya ɗago. "Uwata, kin ji wani abu daga sama?"

Na kalli benci. Mai Rijiya na zaune yana fifita da kwali, yana yi wa kyanwar gareji wa'azi a kan satar kifi. Na tuna ya ce ana gama gyara za su tafi. Wata huɗu.

Na ce, "A'a, Baba."

Kada ku zage ni tukuna, akwai saura.

Laraba Baba ya cire tayarod guda biyu, ƙarafan da ke tura taya dama da hagu. Gaskiya sun ci, roba ta fashe, ƙasa ta shiga ta cinye kan. Ya sa masu kauri waɗanda suka fi na kamfani, ya ce irin hanyar nan sai su. Mai Rijiya ya tuɓe rigar sama ya shiga ramin yana riƙe masa, baƙin mai har goshi. Na hau na kaɗa. Wasan ya ragu, amma yana nan. Ƙas. Baba ya tambaya. Na ce a'a.

Ranar na sa atamfata mai ruwan toka da na ce ba zan sa ba sai da dalili. Umma ta kalle ni sama da ƙasa ta ce yaushe aka fara kwalliya don kai shayi gareji. Na ce sauran duk suna wanki. Ta ce to, Allah ya busar.

Alhamis aka sauke ƙafar gaba gaba ɗaya. Boljoyin sama da ƙasa, bushin, duk aka canza. Baba ya wuni a tsugune, sai da ya dafa bango kafin ya miƙe. Na ga haka, na kau da kai. Da la'asar na hau na kaɗa.

Ƙas.

"Uwata?"

"Ban ji ba, Baba."

Sau uku ke nan. Lissafina na wauta shi ne, muddin ba a gano ba motar tana kan rami, muddin tana kan rami shi kuma yana kan benci, ni kuma zan samu kwana ɗaya, in ƙara ɗaya, har bakina ya buɗe. Kullum da safe ina jin muryarsa ta katanga yana gaida Umma. Wannan kawai nake saya da ƙaryata.

Juma'a lissafin ya rushe. Ina shara kusa da ƙofar ƙarfe wayar Mai Rijiya ta yi ƙara. Ogansu ne. Na ji yana ta "to ranka ya daɗe, to ranka ya daɗe." Da ya kashe ya gaya wa Baba an ce gobe da safe su kama hanya, ko an gama ko ba a gama ba, injin haƙa ya riga ya yi gaba yana jiran bututu. Baba bai so ba. Ya ɗan ɗaure akwatin sitiyari, ya gwada, ya ce wasan ya dawo kamar yatsa biyu, za ta kai shi in ya bi a hankali, amma ransa bai kwanta ba don bai ga inda ya rage ba. Shi da bai taɓa sallamar mota bai san ciwonta ba.

Mai Rijiya ya ce kada Baba ya damu, ai ya saba. Ya shiga ba da labarin wata gangara da suke bi, dutse a dama, kwazazzabo a hagu, kwana uku a jere kamar an naɗe igiya. Ya ce in ya zo wurin mutum huɗun da ke baya a kan bututu duk sai su zama malamai, wanda bai taɓa salla a kan lokaci ba ma sai ka ji yana jan dogayen addu'o'i. Yana faɗa yana dariya.

Tsintsiya ta faɗi daga hannuna.

Na shiga ɗaki na zauna. Na tashi. Na ɗauko hijabi na goge, na rataye, na sake saukewa na goge. Na share ƙarƙashin gado da na share da safe. Umma ta leƙo ta ce ko aljanun aiki ne suka hau ni yau, in haka ne ga tukwane can. Na wanke tukwanen. Ina dirza ina ganin kuros ɗin nan a idona. In ya ci ya ƙare, ba wasa zai ƙara yi ba, sakin sandar zai yi. Mutum ya murɗa sitiyari ya ji shi sakayau a hannu kamar murfin roba, mota kuma ta tafi inda ta ga dama.

Kafin magariba saƙonsa ya shigo. "Gobe za mu wuce. In ban ji daga gare ki ba, ba komai, na fahimta. Ki yafe min surutu."

Na rubuta, "Kada ka tafi da motar nan." Na kalla. In ya ce don me fa? In ce na san inda take ciwo tun Talata na ɓoye? Ya ɗauke ni wace iri? Yarinyar da ta bar tsoho yana tsugune kwana uku saboda tana son jin gaisuwa ta katanga? Na goge. Na rubuta, "Allah ya tsare." Shi ma na goge, don na ji kamar ina yi wa Allah wayo.

Asabar, ana idar da sallar asuba, na ji ƙarar sakatar gareji. Baba ya riga kowa. Na zura hijabi a kan rigar barci na bi shi, ko takalmi ban sa daidai ba, ƙafa ɗaya nawa ƙafa ɗaya na Umma. Na same shi tsaye gaban motar da tocila, yana kallonta kamar yadda yake kallon mutumin da ya yi masa ƙarya.

Na ce, "Baba."

Bai ji ba. Sai da na ƙara da ƙarfi.

"Akwai ƙara daga sama. Wajen kuros, ƙarƙashin roba."

Ya buɗe ƙofa, ya durƙusa, ya cusa kai wajen birki, ya zare robar. Ya ce in hau in kaɗa. Dama, hagu. A hasken tocila ni ma na gani: sandar sama tana juyawa, ta ƙasa tana tsaye tana jira. Kuros ɗin ya bushe ya yi ja da tsatsa, garin ƙarfe na zuba daga gefe ɗaya, kofinsa ya leƙo waje saura kaɗan ya fita.

Baba ya fito ya zauna a bakin ƙofar. Ya ɗauki tsumma yana goge yatsu ɗaya bayan ɗaya.

"Tun yaushe?"

"Talata."

"Sau uku na tambaye ki."

Na sunkuyar da kai. Na fi son ya yi faɗa. Baba bai iya faɗa ba, shi ya sa nasa ya fi zafi. Ya kai yatsa ya taɓa kunnensa, abin da ban taɓa ganin ya yi a gabana ba.

"Da naki nake aiki, Uwata. Kin sani." Ya ninke tsumman. "Mutum biyar ne a motar nan."

Kuka ya zo min ba sauti. Ya bar ni na yi. Bai tambaye ni dalili ba, kuma wannan ya nuna min ya sani. Can ya ce in je in wanke fuska in sa takalmin da yake nawa, in dawo, aiki bai ƙare ba.

Ƙarfe bakwai Mai Rijiya ya iso da jakarsa a kafaɗa, sanye da rigar aiki mai ruwan ƙasa, an yi aski. Baba ya damƙa masa tsohon kuros a tafin hannu. Ya jujjuya shi, kofin ya faɗo ƙasa da kansa. Karo na farko da na ga bakinsa ya mutu. Ya daɗe yana kallon abin, na san gangarar yake gani.

Ya ce, "Baba, ya aka yi ka gano?"

Ina tsaye jikin ƙofar ƙarfe.

"Ba ni ba ne. Uwata ce ta ji shi." Baba ya yi dariyar hancin nan. "Ta ɗan jinkirta faɗa ne."

Mai Rijiya ya juyo ya kalle ni. Ni kuma na kalli kyanwa.

Ya kira ogansu ya ce sai azahar, ko za a kore shi. Baba ya hau babur ya je kasuwar kayan mota ya dawo da sabo a kwali. Awa biyu suna fama, don wani tsohon noti da ya rage a sandar ƙasa ya ƙi fita sai da aka jiƙa shi da mai aka bi shi da lallashi. Ni ce mai tocila. Hasken na ta yawo, Baba ya ce in haska ƙarfe ba kunnen baƙo ba. Umma ta kawo shayi da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba, ta tsaya ta ƙare mana kallo, ta koma. Labulen ƙofa dai bai daina motsi ba.

Da aka ɗaure na ƙarshe Baba ya miƙe yana dafe da baya. Ya ce in hau in gwada, shi zai shiga ciki ya wanke hannu. Ga famfo nan a gareji, ga sabulu a kai. Ya wuce su ya shige gida, ya bar ƙofar a buɗe.

Na hau. Na cire takalmi. Mai Rijiya ya tsuguna gefen tayar gaba, ya ɗora tafinsa a kan haƙoranta, kansa daidai ƙasan tagar da nake.

Na taɓa sitiyari da yatsa biyu, ɗan kaɗan, ko faɗin farce bai kai ba. Tayar ta motsa a hannunsa. Na mayar hagu. Ta biyo. Babu ƙas, babu jira.

"Yanzu kam tana amsawa," ya ce, a hankali, ba da muryar tsokana ba. Bai ɗago ba.

Jakarsa na kan benci. Rana ta kusa tsakiya. Wayata na cikin aljihun hijabi da saƙonsa na jiya da ban amsa ba, da na kwana goma sha bakwai da ban amsa ba. Na ji Shiru tana ce min ki bari sai ya dawo, ki rubuta masa in ya yi nisa. Na ƙara damƙe sitiyarin da hannu biyu.

"Mai Rijiya."

Ya ɗago da sauri. Ban taɓa kiransa ba, ko a waya.

"Ranar Talata, da ka ce wa Baba ba ta amsawa da wuri. Da motar kake, ko da ni?"